Ɗinkin da ke Ƙarƙashin Jan Fenti

Da asuba, tun masu shara ba su fito ba, Tsatsa yana zaune a kan bulon da ke bakin ƙofarsa yana kokawa da filaya. Ya riƙe ta a hannun dama, ya sa mata guntun waya a baki, ya matsa. Wayar ba ta yanke ba. Ya ƙara matsawa har jijiyar wuyansa ta miƙe, sai filayar ta suɓuce ta faɗa masa a ƙafa.

"In zo in ɗauko maka?" in ji matarsa daga ɗaki. Ba ta leƙo ba. Ta san ƙarar.

"Wa ya ce miki faɗuwa ta yi? Ajiyewa na yi."

"A kan ɗan yatsanka?"

"Ɗan yatsan wa? Naki?"

Ta ƙyale shi. Ya sunkuya ya ɗauki filayar da hannun da ya yar da ita. Na hagu yana nan lafiya lau a kan gwiwarsa, amma bai nemi taimakonsa ba.

Mai walda ne. Tun gemunsa bai fito ba yake wannan aiki, yanzu gemun ya yi fari, tartsatsi ya cinye rabinsa. Abokan aiki ne suka laƙaba masa Tsatsa, don in ya kama abu ba ya saki sai ya ga bayansa. Rumfarsa tana ƙarshen layin masu gyaran mota, tsakanin mai faci da mai fenti. Ba wani abin kallo a ciki: injin walda mai gurnani kamar tsohon kare, teburin ƙarfe da ya yi baƙi ƙirin, da tarin guntayen bututu da ba mai taɓawa sai ya tambaya. Ba ya son dogon zance. In ka kawo aiki ka fara zuba bayani, zai katse ka. "Ajiye. Ƙarfen zai faɗa mini sauran."

Su biyu ne a rumfar, shi da ƙanensa, autan gidansu. Auta ya haura arba'in, ya ajiye tumbi, 'ya'yansa sun fara tsayi, amma a rumfar har gobe Auta ne. Tsarin aikinsu bai taɓa canzawa ba. Babba ya yi walda ya matsa gaba, ƙarami ya biyo baya. Shi ɗinkin walda yana fitowa ne da baƙin ɓawo a kansa, ba ka ganin kyansa ko muninsa sai an ɗauke ɓawon. Auta ne mai ƙwanƙwashe shi da 'yar guduma, ya gurje wurin, ya shafa jan fentin nan na farko. Tsatsa ba ya waiwaye. Ya daina duba ɗinkinsa shekaru da yawa da suka wuce, yadda mai tafiya ba ya tsayawa duba ƙafarsa.

Abin ya fara ne da ciwon kai da ya ƙi jin magani. Aka ɗauki hoton kansa, aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, bai fi kan babban yatsa ba. Likitoci suka ce inda yake wuƙa za ta yi ɓarna, gara a yi masa gashi irin na zama ɗaya. Za a ɗaure kai kada ya motsa, a tattaro haske mai ƙarfi daga kusurwoyi da yawa a sauke shi wuri guda. Ba yanka, ba jini. Ranar da aka ɗaura masa ƙarfen riƙe kai, abin da ya tambayi ma'aikacin shi ne wa ya ƙera shi, don aikin ya fita da tsabta. Da yamma ya koma gida. Ba a daɗe ba ya koma rumfa. Ƙarin ya motse, kowa ya ce an rabu da bala'i.

Sai da aka kusa shekara hannun dama ya fara gardama. Cokali ya faɗi. Maɓallin riga ya zama aiki. Sabon hoto ya nuna wani farin zobe a daidai tsohon wurin, ya fi na da girma, kewaye da kumburi. Matarsa ta yi kukanta a motar haya, Auta ya yi nasa a bayan rumfa. Duk sun ɗauka ƙarin ne ya dawo. Likitar da ke duba shi, mace mai ƙaramin jiki da ba ta kwana-kwana, ta sa aka ƙara wasu hotuna, sannan ta zaunar da su.

"Baba, alamu sun fi nuna ba ƙarin ba ne. Hasken da ya kashe shi ne ya taɓa naman da ke gefensa. Wani lokaci sai an jima abin yake bayyana. Wurin ya lalace, ƙananan jijiyoyin jini suna yoyo, shi ne kumburin da ke danne hanyar hannunka."

"Wato gefen ɗinki," in ji shi. "Wuta ba ta tsayawa inda ka ɗiga ta."

"Kusan haka."

"To a yi gyara."

Ta ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare, ta kuma yi masa bayani dalla-dalla, ko da ta ga yana kallon ƙofa. "Maganin nan yana sauke kumburi, amma ba a zama a kansa. Yana tayar da sukari, yana cin naman cinya, yana raunana ƙashi. Za mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ba a daina shi kwatsam, ba a kuma rage shi da ka. Hoto ba kullum za a ɗauka ba. Tsakanin hoto da hoto, hannunka ne zai gaya mana ko mu rage ko mu dakata, don haka ka faɗa mini gaskiyarsa. Kuma ba hawa sama, ba aiki kai kaɗai."

"Ni ba na faɗin komai, Likita. Aikin zai faɗa."

Ƙwayoyin suka yi aikinsu, suka kuma karɓi ladansu. Ciwon kai ya lafa, hannu ya fara jin magana. Fuska kuwa ta cika ta yi fam, wuya ya ɓace, yunwa ta zame masa abokiyar zama. Cinyoyinsa suka yi laushi har tashi daga benci sai ya dafa tebur. Zuciyarsa, wadda da ma ba nisa gare ta ba, ta dawo bakin ƙofa.

Ranar da ya koma rumfa mai faci ya tare shi da dariya. "Tsatsa, wa ya yi maka wannan iskar? Ta yi yawa. Zo in ɗan sace maka kafin ka fashe."

"Ka fara sace ta bakinka," in ji shi, ya wuce ya kunna inji.

Ya sa baƙin gilashi, ya ɗiga wuta. A cikin gilashin nan mutum ba ya ganin duniya, sai ɗan tafkin narkakken ƙarfe da ke bin tsinken walda. Ya ji hannun yana ɗan rawa, amma ya ce ai daɗewa ce ba a haɗu ba. Ya gama ya matsa gaba. A bayansa gudumar Auta ta yi ƙwas, ƙwas, sai ta tsaya.

"Yaya dai?" ya tambaya ba tare da ya juyo ba.

"Ba komai, Yaya. Ya yi."

"Da ma ba zai yi ba?"

Haka aka ci gaba. Duk zuwansa asibiti likita takan sa ya matse yatsunta, ya taɓa hancinsa, ya yi tafiya zuwa bango ya dawo. Yakan yi, yana ƙunƙuni. Hannun da ya tsufa yana riƙe ƙarfe, ko ya rasa rabin ƙarfinsa, ya fi na mutane da yawa. Sannan ta tambaya, "A wurin aiki fa?"

"Garau. Ki bi ta gidan burodin da ke kan titi ki kalli ƙofarsu. Ni na yi ta."

Wata rana ta ce ta ga kamar yatsunsa suna nawa. Ya ce mata ɗinki mai tsawon kamu ba ya fita a miƙe da yatsu masu nawa, kuma nasa yana fita. Ta dube shi, ta ga mutum ne da ba ya ƙari a magana, ta rage maganin. Zuwa na gaba ma ta rage.

Ba wai bai ji komai ba. Ciwon kai ya dawo yana tashinsa da safe. Takalmin dama yana zamewa daga ƙafarsa. Ga filaya. Amma ƙofofi suna fita daga rumfa a tsaye, tagogi suna fita, ba wanda ya dawo da aiki. Shi kuwa in jiki ya ce wani abu, aiki ya ce wani, aiki yake saurare. A ganinsa jiki raki gare shi.

Abu biyu ne kawai ke ba shi haushi game da Auta a kwanakin. Na farko, saurin shafa fenti. Mutumin da da sai an yi masa tsawa kafin ya buɗe gwangwani, yanzu ɗinki bai gama hucewa ba ya rufe shi. Na biyu, tsinken walda. Kwali ba ya daɗewa.

"Ci kake yi?"

"Na yanzu ne, Yaya. Ba su da auki."

"Kai ne dai ba ka da auki."

Bayan cin abincin rana kuma Auta sai ya matsa masa ya je ya miƙe bayansa a tsohuwar kujerar bas da ke bayan shagon mai fenti, wai likita ta ce. Yakan je, don cinyoyin suna buƙata. Daga can yana jin inji yana gurnani, yana jin injin gurza ƙarfe yana kuka, ya ce a ransa yaron nan ya fara hankali, yana rage ƙananan ayyuka.

Ranar da filaya ta faɗa masa a ƙafa, ya iso rumfa ya tarar Auta ya tafi sayo bututu can wani gefen gari. Bai gama zama ba sai ga mai sayar da abinci ta bakin layi, ɗauke da murhun ƙarfen da take ɗora babbar tukunyarta. Ƙafa ɗaya ta ɓalle.

"Baban ƙarfe, taimaka mini yanzu-yanzu. In ban ɗora ba layin nan kaf da yunwa za ku wuni, har da kai da ka fi kowa ci."

Likita ta hana shi aiki shi kaɗai. Ya leƙa ya ga mai faci yana cire taya, ya ce wannan ma mutum ne, ko da dai da ƙyar. Ya ɗaure ƙafar murhun, ya ɗiga wuta, ya ja ɗinki. Ya matsa gefe kamar kullum, ya jira ƙarar guduma. Ba kowa a bayansa. Ya yi tsaki ya ɗauki gudumar da kansa, ya ƙwanƙwasa ɓawon.

Abin da ya fito ba ɗinki ba ne. Gudaji ne a warwatse kamar kashin kaza, wani a kan ƙarfe, wani a gefe, tsakaninsu ramuka. A wani wurin wuta ta huda, a wani wurin ba ta ko kama ba. Ɗan koyo na satin farko, in ya kawo masa irin wannan, sai ya kore shi gida.

Ya ce tsinken ne ya sha sanyi. Ya canza, ya gwada a kan guntun ƙarfe. Haka. Ya rage wutar inji, ya ƙara ta. Haka.

Ya daɗe a tsaye da gudumar a hannu. Sannan ya nufi ƙofofin da ke jingine a bango, waɗanda ya yi a cikin satin, jajaye suna jiran masu su. Ya ɗauki wuƙar kankara ya kankare fentin kusurwar ta farko. Ɗinki mai kyau, a jere, santsi kamar an shafa mai. Ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci. Sai ya sunkuya ya duba da kyau. Ɗinkin kowane mai walda yana da 'yan layuka a kansa, suna kwanciya ta inda hannu ya ja. Waɗannan sun kwanta ta hagu. Shi da dama yake walda. Auta ne bahago.

Ya kankare ta biyu, ya kankare ta uku, ya bi su duka har taga ta ƙarshe. Bai sami hannunsa ko a wuri ɗaya ba.

Da Auta ya iso da bututu, ya ga kusurwoyin ƙofofi a kankare, sai ya tsaya daga bakin rumfa kamar wanda ya taka ƙusa.

"Shigo, bahago. Ai rumfarka ce."

"Yaya..."

"Ban tambaye ka ko wane ne ni ba. Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka dawo."

"Duka?"

Auta ya kalli ƙasa. "Da farko ɗan gyara ne kawai, in cike nan, in cike can. Daga baya abin ya riƙa ƙaruwa. Kwanan nan sai na yanke gaba ɗaya in sake."

"Ya riƙa ƙaruwa," in ji Tsatsa a hankali. "Ana rage mini magani yana ƙaruwa. Kai kaɗai ne a duniya kake ganin abin da likita take tambayata, kullum, da idonka. Ka ɗauki fenti ka shafe."

"Ban san da shi take aunawa ba, wallahi. Na ga in ka gani za ka karye."

"Ni ƙarfen gwangwani ne da zan karye? Ka mai da ni maƙaryaci, Auta. Na zauna gaban 'yar mutane ina buga ƙirji da aikinka. Na tura ta kallon ƙofar gidan burodi!"

"Ƙofar ai ta yi kyau, Yaya."

Wannan ce ta ƙarasa tunzura shi. Ya ɗaga hannu zai nuna shi da yatsa, sai hannun ya ƙwace masa. Ya fara fizga shi kaɗai, daga yatsu zuwa gwiwar hannu, gefen bakinsa yana bin sa. Maganar da ke kan harshensa ta maƙale. Yana ji, yana gani, amma kalma ta ƙi fita. Auta ya yar da bututu ya rungume shi ya zaunar da shi ƙasa, mai faci ya fita titi da gudu yana tare mota.

Kafin motar ta tsaya fizgar ta lafa. Kalmar farko da ta dawo masa ba sunan kowa ba ce.

"Ƙarfen."

"Wane ƙarfe, Yaya? Bari mu tafi."

Ya nuna murhun da hannun hagu, ya ƙi ɗaga ƙafa ya shiga mota sai da aka sa murhun a baya. Mai abinci ta biyo su tana tafa hannu. "Shi ma asibitin za shi? To ni in ɗora tukunya a kan wa?"

A asibiti aka ba shi maganin tsayar da fizga, aka sake ɗaukar hoto. Kumburin ya bazu fiye da farko. Da likita ta zo gadonsa, ta tarar da murhu a gefen gado, ma'aikatan jinya sun gaji da roƙon a fitar da shi.

"Likita, duba nan. Wannan ne hannuna. Wancan da nake gaya miki na ƙanena ne. Ban sani ba, amma ni na faɗa, don haka ni na yi miki ƙarya."

Ta tsuguna ta shafa gudajin da yatsa. Ba ta san walda ba, amma ba sai an sani ba. "Da na ga wannan da ban rage ba," in ji ta. "Kuma ranar da na ga yatsunka suna nawa, ya kamata in sa a ɗauki hoto. To, ya wuce. Ga inda muke."

Ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. Za a mai da ƙwayoyin sama na ɗan lokaci, amma su kaɗai ba za su isa ba, jikinsa kuma ba zai jure su da daɗewa ba. Akwai wani magani da ake sawa ta jijiya a ƙarin ruwa, bayan 'yan makonni a sake, wanda ke rage yoyon jijiyoyin nan. Yana iya tayar da hawan jini, yana iya sa zubar jini ko gudan jini, yana hana rauni saurin warkewa. In bai yi ba, sai a yi maganar buɗe kai a cire mataccen wurin. "Kumburi zan iya cewa muna da kyakkyawan fata a kansa. Hannu kuwa, ba zan yi maka alkawarin zai dawo yadda yake ba."

"Na tambaye ki alkawari? A sa."

"Kuma ba walda sai na ce."

Nan ne ya yi gardama. Ta bar shi ya gama, ta maimaita. Ya juya fuska bango.

Da rana matarsa ta kawo abinci. Ta zuba, ta ɗauki cokali za ta ba shi. Ya kalle ta.

"Kin sani?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. "Na sani. Auta ya zo mini da maganar tun farko. Ni na ce kada ya faɗa maka."

"Ke ma."

"Ni ma. Lokacin da muka ɗauka ciwon ne ya dawo, zama ka yi kana kallon bango kamar hoto. Ranar da ka koma rumfa ka cinye kwano ka ce a daɗa maka. Na zaɓi mai cin abinci."

"Kin zaɓi ki yi kiwona dai."

"Kira shi abin da ka ga dama, Maigida. Na yi kuskure, na gani. Amma ga ka nan da bakin faɗa. Buɗe."

Ya karɓe cokalin da hannun dama. Rabin abin da ya ɗebo ya zube a kan rigar asibiti. Ta kai hannu za ta goge, ya tare ta da gwiwar hannu.

"Bar shi. Daga yau abin da na zubar, a bar ni in gani."

Ɗakin ƙarin ruwa dogo ne, kujeru a jere, kowa da sandarsa da ledarsa a rataye. Ma'aikaciyar jinyar da ke sa masa allura takan juya hannunsa tana neman jijiya a cikin tabon ƙuna. "Baba, wannan hannun ne ko taswira?" Yakan ce mata ta bi babban titi, ƙananan duk an toshe. Kafin a sa, a auna jininsa. Wani zuwan ya hau, aka ƙara masa wata ƙwaya, ya ce sun mai da cikinsa shagon magani. Sauran majinyata suna hira a kan ciwonsu, shi yana kallon ɗigon ruwa, yana buɗe yatsu yana rufewa.

Lokacin da aka hana shi walda bai zauna gida ba. Kullum yana rumfa a kan benci, hannu a cinya, yana kallon Auta. Bai yi masa magana ba sai ta aiki, ita ma a gajarce. Auta yakan sayo masa abin sha mai sanyi ya ajiye kusa da shi, ya sha, bai ce an gode ba. Gwangwanin jan fenti kuwa ya sa an ɗaga shi can saman kanta. Ba a buɗe shi sai ya duba kowane ɗinki da idonsa, na kowa.

Hoton da ya biyo baya ya nuna kumburin ya ja da baya. Aka fara rage ƙwayoyi, wannan karon a kan gaskiya. Fuska ta fara saɓewa, wuya ya dawo, mai faci ya ce ashe dai an samu inda iskar take fita. Fizga ba ta sake zuwa ba. Daga ƙarshe likita ta yarda ya gwada, a zaune, a kan tebur, Auta na kusa.

Tun daga ranar, duk zuwansa asibiti da guntun ƙarfe yake zuwa a aljihu. Shi ya yi ɗinkin, shi ya ƙwanƙwashe ɓawon, ba gurzawa, ba fenti. Ya ajiye wa likita a tebur kafin ya gaishe ta. Ma'aikata suka sa masa suna Mai Tsaraba. Ita kuma ta jera su a bakin tagarta, ta ci gaba da gwajinta na yatsu da hanci, shi ma ya daina ƙunƙuni a kai. Na farkon kashin kaza ne. Na bayansa kashin kaza ne da ya fara bin layi. A hankali ɗan gajeren ɗinki ya fara fita, in ya kafa gwiwar hannu a tebur ya tallafe wuyan hannun da na hagu. Nan abin ya tsaya. Ɗinki mai tsawo yana karkacewa daga tsakiya. Na tsaye da na sama da kai kuwa, ya gwada a guntaye har ya gamsu ba za su dawo ba.

Ba wanda ya faɗa masa ya bar manyan ayyuka. Shi ya faɗa, da rana tsaka, a gaban mutane. Wani mai gini ya kawo aikin matakalar bene, ya ce shi hannun Tsatsa yake so ba na wani ba.

"Hannun Tsatsa ba ya yin matakala yanzu," in ji shi. "Duk abin da mutum zai hau, ko zai rataya a saman kan mutum, wancan bahagon ne zai yi. Ni zan duba. In bai yi ba zai yanke ya sake, ya iya wannan sosai."

"Haba Yaya," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

"Haba me? Ɗauki ma'auni ka bi mutum."

Shi kuma ya riƙe abin da hannunsa zai iya ɗauka da gaskiya: ƙafar kujera, marfin akwati, mariƙin bokiti, ƙaramin ƙarfe a kwance a kan tebur. Wasu tsofaffin abokan ciniki sun daina zuwa. Wasu suna zuwa su yi masa magana da irin muryar da ake yi wa majinyaci, ya tambaye su ko aiki suka kawo ko gaisuwa, don gaisuwa ba ta buƙatar wuta.

Ganin ƙarshe da aka yi masa a layin kafin a tashe su saboda faɗaɗa titi, wani lebura ne ya kawo baro, hannun baron ɗaya ya tsage daga gindi. Tsatsa ya sa aka kifa shi a kan tebur. Ya zauna, ya kafa gwiwar hannu, ya ja ɗinkin guntu-guntu, yana tsayawa yana hutar da yatsu. Ya ƙwanƙwashe ɓawon, ya kawo ido kusa. Wuri ɗaya bai yi masa ba, ya gurje ya sake. Leburan ya miƙa hannu zai karɓa.

"Tsaya. Ba a gwada ba." Ya sauke baron ƙasa, ya juya wajen ƙanensa. "Auta, shiga."

"In shiga ina?"

"Ka fi buhun siminti nauyi, kuma kai ba ka fashewa. Shiga."

Auta ya kalli mai faci, ya kalli mai fenti, ya ga ba mai cetonsa. Ya tattara tumbinsa ya zauna a ciki, ƙafafu a waje suna lilo. Tsatsa ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama hannayen baron, ya ɗaga. Na dama ya yi rawa, ya ƙara damƙewa. Ya tura shi ya fita daga rumfa, ƙafar dama tana ɗan jan ƙasa, ya bi ta kan duwatsu da ramukan layin da gangan, Auta yana ihu yana riƙe da gefe, har bakin titi. A nan ya juya baron, ya nufo rumfa da shi.